Kristian Birkeland da Alfijirin Arewa

A ƙasashen da ke can ƙuryar arewa ta duniya, inda sanyi ya ke daskarar da kogi har a bi ta kansa da kaya, akwai wani haske da ya kan bayyana a sama da dare, ba na wata ba ne, ba na taurari ba, ba kuwa walƙiya ba ce. Ya kan fara kamar baka kore, ya miƙe daga gabas zuwa yamma, ya tsaya shiru. Jim kaɗan sai ya motsa, ya yi ta naɗewa yana warwarewa kamar labulen da iska ke kaɗawa, bisansa ja, gefensa na ƙasa wani lokaci shuɗi. Turawa suna kiransa da wani suna na harshen Latin wanda ma'anarsa alfijirin arewa, da wannan suna kuwa za mu riƙa kiransa a nan. Mutumin da za mu ba da labarinsa shi ne ya fara gano sanadin wannan haske, amma manyan masu ilmi na zamaninsa suka ƙi yarda, har ya mutu, sai bayan shekara hamsin aka ga gaskiyarsa.

Kafin mu shiga labarinsa ya kamata mu san inda a ke ganin hasken, da sa'ad da a ke ganinsa. Ba a tsakiyar ƙuryar arewa ya fi yawa ba, kamar yadda mutum zai zata. Yana zaune ne kamar zobe kewaye da ƙuryar, nisan zoben daga cibiyarsa kamar mil 1,500. Zoben nan ya bi ta kan arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, da bakin tekun Siberiya, da Alaska, da arewacin Kanada, da kudancin Girinlan, da tsibirin Aislan. A ƙuryar kudu ma akwai irinsa, amma yawancinsa bisa teku ya ke da ƙasar ƙanƙara inda ba kowa, sai dai wani lokaci a kan hango shi daga Tasmaniya da kudancin Niyu Zilan. Hasken yana nan dare da rana, rani da hunturu, amma ido ba ya ganinsa sai da duhu. Saboda haka mutanen arewa su kan gan shi tun daga Satumba har Maris, da ya ke a watannin Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa can ko kaɗan, ko kuwa ta faɗi amma duhu bai yi ba. Ya fi bayyana kusa da tsakar dare, ya fi ƙarfi kuma wajen Maris da Satumba, sa'ad da dare da rana su ke daidai. Gajimare yana rufe shi, farin wata ma yana rage masa kyau.

An haifi Kristian Birkeland ran 13 ga Disamba, 1867, a birnin Kiristiyaniya, wanda a ke kira Oslo yanzu. A lokacin nan Norwe ƙasar talakawa ce, masunta da manoma da masu saran itace, sarkinsu ɗaya da Suwidin. Tun yana yaro aka ga kansa ya buɗe wajen lissafi, har ya rubuta takardarsa ta fari ta ilmi yana da shekara 18. Da ya gama jami'ar garinsu sai ya tafi Faransa ya yi karatu wurin Henri Poincaré, wanda ba a yi kamarsa a lissafi ba a zamanin, ya kuma zauna Suwizalan da Jamus yana koyon al'amarin lantarki da maganaɗisu. A shekara ta 1898 aka naɗa shi shehun malami a jami'ar Kiristiyaniya, shekarunsa ba su wuce 30 da kaɗan ba.

To, me aka sani game da alfijirin arewa kafin zuwansa? Mutanen da sun yi ta zato iri iri. Waɗansu sun ce hasken rana ne da ƙanƙarar teku ke mayarwa sama, waɗansu sun ce wuta ce ke ci a ƙarshen duniya, waɗansu sun ɗauke shi alamar yaƙi ko annoba. Amma akwai abu biyu da masu bincike suka tabbatar. Na fari, a 1741, a garin Upsala na Suwidin, Anders Celsius da abokin aikinsa Olof Hiorter sun lura duk sa'ad da hasken ya yi ƙarfi allurar kamfas ta kan yi ta rawa, ta kasa tsayawa. Na biyu, masu duban rana da madubin hangen nesa sun ga waɗansu baƙaƙen tabo a fuskarta, waɗanda su kan yi yawa su ragu cikin kowace shekara 11, hasken nan kuwa yana bin sawunsu, in sun yi yawa shi ma ya yi yawa. A farkon Satumba na 1859 wani Bature ɗan Ingila, Richard Carrington, ya ga wani farin haske ya tashi daga cikin tabon rana, ba a cika kwana ɗaya ba sai wayar tangarahu ta rikice a Turai da Amurka, aka ga alfijirin arewa har tsibirin Kuba. Duk da haka babban malamin ilmin lantarki na Birtaniya, Lord Kelvin, ya yi lissafi a 1892 ya yanke cewa rana ta yi nisa ƙwarai, ba ta da ikon girgiza maganaɗisun duniya, dacewa ce kawai. Nisan kuwa mil miliyan 93 ne, yawancin mutane ma a lokacin sun ɗauka tsakanin rana da duniya fili ne fayau, ba kome ciki. Maganar babba ce, ba mai iya ja.

Birkeland ya zo wa al'amarin ta wata hanya dabam. A ɗakin gwajinsa yana da kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, in an sa mata lantarki sai waɗansu ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ido ba ya gani, su fito daga wannan gefe su nufi wancan. Ya kawo maganaɗisu kusa, sai ya ga ƙwayoyin sun karkata sun taru a bakinsa, kamar ruwa a mazurari. Tun da daɗewa kuwa an san duniya kanta babban maganaɗisu ce, bakinta ɗaya wajen arewa, ɗaya wajen kudu. A 1896 ya bayyana ra'ayinsa, cewa rana tana watso irin ƙwayoyin nan na lantarki, maganaɗisun duniya ya kama su ya ja su zuwa ƙuryoyi biyu, su faɗa cikin iskar sama su sa ta haske. Duk wanda ya taɓa barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda ya sa maganaɗisu a ƙarƙashi, kamar yadda mu ke nuna wa yara a aji, ya ga layukan da garin ke bi: a tsakiya suna kwance, a baki biyu kuwa sun tanƙwara sun nutsa ciki. Ta nan za mu gane abin da ya sa mu ba mu ganin hasken nan a ƙasarmu. Tsakiyar maganaɗisun duniya ta ratsa ta Nijeriya, layukan suna kwance bisa kanmu kamar rufin ɗaki, ba ƙofar da ƙwayoyin za su bi su sauko. Sai an yi girgiza mai tsanani ƙwarai zoben ya kan faɗaɗa ya matso kudu, kamar ran 4 ga Fabrairu, 1872, da aka ga jan haske a sama har Hartum da Bombai.

Faɗin magana a ɗaki ba wuya, amma Birkeland ya san ba za a karɓa ba sai da awo. A hunturun 1897 ya tashi da samari biyu zuwa lardin Finmak, ƙarshen arewacin Norwe, don neman dutse mai tsawo inda zai kafa wurin dubawa. Guguwar ƙanƙara ta rutsa da su a kan dutse, suka kwanta cikin dusar ƙanƙara suna jiran ajali. Allah ya yi da sauran kwanansu, suka sauko da rai, amma ɗaya daga cikin samarin, Bjorn Helland-Hansen, sanyi ya cinye masa yatsu har aka yanke waɗansu. Yaron nan likita ya ke so ya zama, dole ya bari, ya koma ilmin teku, inda ya yi suna daga baya.

Wani da ya ga haka sai ya haƙura. Birkeland kuwa ya koma ya roƙi majalisar ƙasarsu kuɗi, aka gina masa ɗakin dutse a ƙwanƙolin wani tsauni da a ke kira Halde, kusa da garin Alta, tsawonsa wajen ƙafa 3,000, aka ɗaure rufin da igiyoyin ƙarfe don kada iska ta yaye shi. Can ya yi hunturun 1899 zuwa 1900 shi da mutanensa. A wurin nan rana ta kan faɗi a Nuwamba, ba a sāke ganinta sai Janairu. Suka yi ta auna motsin allurar maganaɗisu dare da rana, suna rubuta kamannin hasken da sa'ar da ya fito. Gab da za su gama, a watan Maris, ƙanƙara ta ɓalle daga gefen dutse ta rufta wa ɗaya daga cikin samarinsa, ya mutu. A ganinmu wannan shi ne wuri mafi nauyi cikin labarin, gama shi ne ya kawo yaran, shi ne kuma ya zaɓi dutsen.

Abin da ya koya a Halde shi ne wuri ɗaya bai isa ba. Mai tsayawa gindin itace guda ba ya sanin girman daji. Saboda haka a 1902 zuwa 1903 ya kafa wuraren awo huɗu a kewayen zoben: ɗaya a Finmak, ɗaya a Aislan, ɗaya a tsibirin Sibalbad, ɗaya a Nobaya Zemliya ta Rasha. Ya kuma rubuta wa wuraren awo na ƙasashe da yawa ya roƙi takardunsu na waɗannan kwanaki. Da ya jera su bisa taswira, sa'a da sa'a, sai ya ga allurai duka suna nuna abu ɗaya: duk sa'ad da hasken ya yi ƙarfi akwai wani babban kogin lantarki da ke gudu can sama, yana bin tsawon hasken. Kogi kuwa ba ya rasa mafari da matuƙa. Sai ya ce lantarkin nan daga sararin da ke bayan iskar duniya ya ke saukowa, yana bin layukan maganaɗisu, ya gudu a kwance cikin iskar sama, sa'an nan ya sāke hawa ya fita. Wannan ita ce babbar maganarsa, a kanta kuma aka fi yi masa gardama.

Da ya ke gani ya kori ji, sai ya ƙera 'yar ƙaramar duniya a ɗakin gwaji. Ƙwallo ce ta ƙarfe, da maganaɗisun lantarki a cikinta, ya rataye ta cikin akwatin gilashi da aka zuƙe wa iska, ya harbo mata ƙwayoyin lantarki daga gefe guda, a maimakon rana. Da aka kashe fitila sai ga zobe biyu na haske sun kewaye ƙwallon, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, daidai inda su ke a duniyar gaske. Ya yi ta ƙara girman akwatin shekara da shekara, har na 1913 ya isa mutum ya shiga ciki ya share.

Duk wannan aiki kuɗi ya ke ci, albashin malami kuwa sananne ne. Neman kuɗin bincike ya sa shi ƙirƙire-ƙirƙire, har ya ƙera igwa wadda ba ta bukatar albarushi, lantarki ke tura harsashinta. Ran 6 ga Maris, 1903, ya tara manyan gari a zauren jami'a don ya nuna ta. Da ya kunna sai wayoyin suka haɗu, wuta ta yi tsalle da ƙara mai firgitarwa, taro ya watse, masu niyyar saye suka janye, ko da ya ke harsashin ya sami inda aka auna. Amma a cikin watannin nan ya gamu da wani injiniya, Sam Eyde, wanda ke neman hanyar yin babbar wutar lantarki mai zafi, don a kama naitirojin da ke cikin iska a mai da shi takin gona. Wutar da ta kunyata Birkeland ita ce abin da Eyde ke nema. Suka haɗa kai, suka yi tanderun lantarki, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Norwe yana juya injin. A 1905, shekarar da Norwe ta rabu da Suwidin ta sami sarkinta, aka kafa kamfanin Norsk Hydro a kan wannan dabara. Daga baya Jamusawa sun fito da wata hanya mai arha ta maye gurbinta, amma Birkeland ya riga ya yi arziki, ya zuba dukiyar cikin akwatunan gilashi da na'urorin awo. A shekarar nan kuma ya yi aure, amma auren bai daɗe ba, suka rabu a 1911, ba su haihu ba. Masu ba da labarinsa sun ɗora laifin a kan aiki, gama mutum ne da ba ya sanin dare ya yi.

Ya tattara sakamakon bincikensa cikin babban littafi da Turanci, kashi na fari ya fito a 1908, na biyu a 1913. Malaman Ingila ba su karɓa ba. Wani cikinsu, Arthur Schuster, ya kawo suka mai ƙarfi, cewa ƙwayoyin lantarki iri ɗaya korar juna su ke yi, da za su taso daga rana su kaɗai da sun watse tun ba su iso ba. Sukar nan gaskiya ce, Birkeland kuwa ya amsa ta daga baya da cewa rana tana watso iri biyu ne a gauraye, kowane iri yana jan ɗayan, abin da ya tabbata haka ya ke. An sa sunansa sau da dama cikin waɗanda za a ba kyautar Nobel, bai samu ba.

A 1913, lafiyarsa ta raunana, barci ya ƙaurace masa, sai ya bar ƙasar sanyi ya nufo Afirka, ya zauna Masar, ya kuma zo har Hartum tare da wani ɗalibinsa, Thoralf Skolem, wanda ya zama shahararren mai lissafi. Abin da ya kawo shi wani haske ne dabam, wanda mu kam mun san shi sarai. Shi ne farin hasken nan mai tsini da ya kan miƙe tsaye daga gabas kafin asuba, in sama ta yi garau ba wata ba hazo, wanda muka karanta a fiƙihu da sunan alfijirin ƙarya, wanda ba ya halatta sallar asuba, ba ya kuma hana mai azumi sahur, sai na gaskiya ya keto a kwance. Bayan magariba ma a kan ga irinsa a yamma. A ƙasashenmu na zafi ya fi fitowa sosai, shi ya sa Birkeland ya zo. Ya zaci wannan ma ƙwayoyin lantarki ne da ke kewaye da rana, ya yi fatan ya same su hujja a kan maganarsa ta fari. A nan kam bai dace ba. Alfijirin ƙarya hasken rana ne da ke faɗa wa ƙura mai laushi da ke warwatse tsakanin duniyoyi, ba ruwansa da lantarki. Shekarunsa na ƙarshe a kan wannan zato suka tafi.

Yaƙin Jamus na fari ya tashi a 1914, mataimakansa suka koma gida ɗaya bayan ɗaya, ya rage shi kaɗai a Helwan, kusa da Alƙahira. Kaɗaici da rashin barci suka taru masa, ya riƙa shan maganin barci, har ya fara tsammanin 'yan leƙen asiri na binsa. A 1917 ya yi niyyar komawa gida, amma hanyar Turai ta toshe saboda yaƙi, sai ya bi ta gabas ya sauka Japan, inda ya ke da abokai cikin malaman jami'a. Ran 15 ga Yuni, 1917, aka tarar da shi ya mutu a ɗakinsa na masauki a Tokiyo, ya sha maganin barci ninki 20 na abin da a ke sha. Shekarunsa 49. Takardunsa na ƙarshe aka sa cikin wani jirgin ruwa na Suwidin za a kai gida, jirgin ya ɓace a teku da duk abin da ke ciki.

Bayan mutuwarsa wani Ba'ingile mai kaifin lissafi, Sydney Chapman, ya zama jagoran wannan ilmi, shi kuwa ya tsaya a kan cewa lantarkin a cikin iskar sama kaɗai ya ke kewayawa, ba ya saukowa daga waje. Ba za mu ga laifinsa da yawa ba, domin daga ƙasa allura ba ta iya bambanta tsakanin maganganun biyu, kuma lissafinsa ya fi na Birkeland tsabta. Inda muka ga ya gaza shi ne ƙin sauraron Hannes Alfvén na Suwidin, wanda tun 1939 ya ke ta cewa a koma a duba maganar Birkeland. Ba abin da zai raba gardamar sai a hau can a auna. A 1959 da 1962 na'urorin da Rasha da Amurka suka harba sararin sama suka iske ƙwayoyin nan na rana suna gudu ba fasawa, kamar mil 250 cikin daƙiƙa guda ta agogo mai bugun sakan, watau kowane sakan, har su iso mu cikin kwana uku ko huɗu. Aka sa musu suna iskar rana. A 1966 da 1967 aka duba awon wani tauraron ɗan Adam na Amurka da ke bi ta kan ƙuryoyin duniya, aka ga maganaɗisu yana girgiza duk sa'ad da ya ratsa zoben, aka gane lantarkin nan ne mai saukowa. Wani tauraron, Triad, ya zana taswirarsa bayan 1972, ta fito kusan yadda Birkeland ya zana a 1908.

Abin da aka sani yanzu ya ɗan bambanta da zatonsa na fari. Yawancin ƙwayoyin ba kai tsaye su ke faɗowa daga rana ba. Iskar rana tana danna maganaɗisun duniya ta gefen da rana ta ke, ta ja shi ya yi doguwar wutsiya ta gefen dare. Ƙarfi ya yi ta taruwa cikin wutsiyar kamar baka da aka ɗana, sa'an nan ya saki, ya ingizo ƙwayoyin lantarki su bi layuka su sauko, shi ya sa hasken ya fi yawa wajen tsakar dare. In sun bugi oksijin tsakanin mil 60 da mil 150 daga ƙasa sai a ga kore, in sama da haka ne a ga ja, naitirojin kuwa shi ke ba da shuɗi. Wanda ya auna tsawon nan tun da fari ɗan ƙasarsu ne, Carl Størmer, da ya riƙa ɗaukar hoton haske ɗaya daga wuri biyu a sa'a ɗaya tun 1910, yana fid da nisan da lissafin kusurwa. Lantarkin nan ba abin kallo kaɗai ba ne, gama a Maris na 1989 ya kashe wutar lardin Kwibek na Kanada har awa 9.

Tun wajen 1969 masu ilmi su ke kiran kogunan lantarkin nan da sunan Birkeland. Mutanen Norwe kuma sun sa hotonsa a takardar kuɗinsu ta kurona 200 a 1994, da zanen 'yar duniyarsa cikin akwatin gilashi a gefe. Takardar ta yi shekara 23 tana yawo a hannun jama'a, sa'an nan a 2017 aka fito da sabuwa mai hoton kifi.